Fijo 504, Marsandi W123 ko Land Rover: wace tsohuwa ce za ta zaunu a gidanka?

Tun da yayana ya yi ritaya bara ba shi da zance sai na tsohuwar mota. Abin hawa kam yana da shi, wata Toyota da ke kai shi masallaci da kasuwa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Abin da ransa ke so shi ne irin motar da ya buɗe ido ya gani a ƙofar gidajen manya, ya saya ya gyara ta a tsanake, ranar Juma'a ya fito da ita, in ɗaurin aure ya taso a ƙauye ya tafi a cikinta. Dillalai kuwa kunnensu ya fi na zomo. Kafin wata ya zagayo sun nemo masa uku: Fijo 504 salun da ke lulluɓe da tamfol a bayan wani gida, Marsandi 230E, samfurin W123, ta wani marigayi da magada ke son su rabu da ita, sai wata doguwar Land Rover da ta daɗe a gindin darbejiya har tayoyinta sun nutse cikin ƙasa. Ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi zaman gareji kafin boko ya ɗauke ka, wacce zan ɗauka?" Na ce, "Yaya, wannan ba amsar tsaye ba ce, ka ba ni kwana biyu."

Dillalan sun so su cusa mana wasu, na kore su da wuri. Mini, wadda Alec Issigonis ya zana aka fitar a 1959 bayan rikicin Suwes ya jawo wa Ingila ƙarancin fetur, tayarta inci 10 ce kacal, ramin farko na layinmu zai haɗiye ta. Citroën DS ta 1955 a kan ruwa da iska take tafiya maimakon sifirin, ranar da ta durƙusa sai ka rasa mai tayar maka da ita. Bitil ta Volkswagen, da aka haɗa a Legas, ba laifi, amma mutum mai jikoki da babbar riga ba zai sake a cikinta ba. Saura ukun nan. An sayar da su lokaci guda a shekarun 1970, sai dai kowacce da damuwar da ta haife ta a ƙasarsu, kuma har gobe wannan damuwar ce ke fitowa a halinta.

Land Rover 'yar talauci ce. Ingila ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da nasara amma aljihu wayam. Ƙarfe ma gwamnati ke rabonsa, kuma kamfanin da ya fi fitar da kaya waje ya kawo kuɗin ƙetare shi ke samun kaso mai tsoka. Kamfanin Rover motocin likitoci da lauyoyi ya iya yi, waɗanda ba su da kasuwa a waje, ga ƙatuwar masana'anta a Solihull da aka gina don aikin jiragen yaƙi tana neman zama kango. Babban injiniyansu, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka. Shi da wansa Spencer, wanda ke shugabancin kamfanin, suka lura manomi na buƙatar abin da zai yi masa rabin aikin tarakta da rabin aikin mota. A 1947 suka haɗa ta gwaji a kan shasin Jeep, sitiyarinta a tsakiya kamar na tarakta. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna ta ga duniya a baje kolin motoci na Amsterdam.

Abubuwan da masoyanta ke yabawa yau, rashi ne ya kawo kusan dukkansu. An yi mata bodin alminiyam saboda ƙarfe ya yi wuya. Jikinta ya fito a miƙe kamar akwati saboda babu kuɗin sayen manyan injinan lanƙwasa ƙarfe. Koren fentin farko ma ragowar fentin jiragen soja ne. Niyyar kamfanin ita ce ta riƙe su shekara biyu zuwa uku kafin al'amura su daidaita, sai ga ta cikin 'yan shekaru ta fi motocin ƙasaitar kasuwa. A nan Arewa da ita Di'o ke rangadi, da ita malaman gona da malaman dabbobi na En'e ke shiga ƙauyukan da hanyar jaki kawai ke kaiwa, haka 'yan sanda da masu allurar rigakafi. Daga baya har haɗa ta aka yi a masana'antar Leyland ta Ibadan.

A 1958 aka fitar da Series II da injin fetur mai lita 2.25, a 1961 Series IIA ta zo da na gas mai girman haka, sai Series III daga 1971 zuwa 1985, wadda aka ƙera kusan 440,000. Ta gindin darbejiyar nan Series III ce doguwa, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya; gajeriyar 88 take. Ka lura da shekarun nan da kyau, don a nan labarin ya karkace. Rover ta shiga hannun Leyland a 1967, shekara ɗaya bayan haka aka dunƙule kamfanonin motocin Ingila wuri guda aka kira su British Leyland. Yajin aiki da asara suka yi musu katutu har gwamnati ta karɓe kamfanin a 1975. Land Rover na kawo riba, amma ribar toshe ramin wasu take yi, ita ba a zuba mata kuɗin gyara. Shi ya sa motar da aka ƙera a 1984 take ɗauke da injin da asalinsa na 1958 ne, mai ƙarfin doki kusan 70, da sifirin na faranti irin na tsohuwar roka, da birkin ganga ƙafa huɗu. Ana cikin wannan barci Toyota ta shigo da Land Cruiser mai silinda shida ta kwashe kasuwar Afirka da Ostireliya. Duk wanda ya san Agadez ya san wace mota ce ta gaji hamada.

In ka zauna a kujerar direba za ka ga sanduna uku a ƙasa. Mai baƙin kai ita ce giya. Mai ruwan ɗorawa in ka danna ta ƙasa tayoyi huɗu su kama ja. Mai jan kai in ka jawo ta baya motar ta koma ƙaramar giya, tana tafiya kamar hawainiya amma tana iya cire kututture. Sitiyarin ba shi da mataimaki, damtsenka ne mataimakin, kuma a kan kwalta sai ka riƙa lallashinsa hagu da dama don motar ta miƙe. Da ka kai kilomita 80 hira ta ƙare, sai dai ihu. Esi babu, wasu 'yan tagogi biyu ne a ƙarƙashin gilashin gaba da kake buɗewa iska ta shigo, ta shigo da ƙurarta. Abu ɗaya da na yaba: wagon ɗin da aka yi wa ƙasashen zafi rufinta biyu ne da rata a tsakani, rana na dukan na sama iska na ratsa tsakiya, kuma dabarar tana aiki. Baƙin mai kuwa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban taɓa ganin Land Rover ta kwana a wuri ba ta bar shaida a ƙasa ba. Wayoyin wutarta na kamfanin Lucas ne, wanda Ingilawa da kansu suke yi wa laƙabi da Yariman Duhu.

Fijo daban ce tun daga gida. Iyalin Peugeot maƙera ne da suka fara da zarto da injin niƙa gahawa tun kafin a san mota, zakin da ke goshin motar ma tambarin zartonsu ne. Mutane ne masu taka-tsantsan, ba sa sauya abu sai sun tabbatar. Hanyoyin karkarar Faransa a wancan zamani masu gargada ne, ga kasuwarsu ta Afirka ta Arewa da ta Yamma, don haka tunaninsu kullum shi ne mota ta yi laushi a mummunar hanya ba tare da ta wargaje ba. Sun gwada wannan a 403 ta 1955 da 404 ta 1960, wadda ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ita 504 an so a fito da ita tun tsakiyar 1968, tarzomar ɗalibai da yajin aikin watan Mayu suka jinkirta ta sai watan Satumba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, da fitilun nan masu kama da idon mage da but mai karyayyen baya. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai.

Sirrin 504 a ƙarƙashinta yake. Ƙafafunta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, taya ta faɗa rami ta fito kai kana zaune ba ka san an yi ba. Furofelar da ke kai ƙarfi baya tana cikin bututun ƙarfe, dutse da yashi ba sa isa gare ta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa fiye da sa'o'inta na Turai. Injin ya fara da lita 1.8, daga 1970 aka ƙara mai lita 2, ƙarfin doki 90 da 'yan kai. Ba mai gudun tsiya ba ne, amma akwai wani abu a cikinsa da ya sa bakanike ke ƙaunarsa: silif ɗin da fistin ke gudu a ciki zarewa ake yi. In inji ya gaji ba sai an kai shi wurin masu goge bulo ba, a sayo fistin da silif da ringi a saka, ya dawo yaro. A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari da 504, a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da mai ƙofa biyu mai silinda shida. Hanyoyin Kenya da suka yi wannan tsere a kai, burji ne da laka irin wanda muka sani.

A shekarar 1975 ɗin nan dai masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Wani abin da matasa ba su sani ba shi ne a jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga Lyon ta Faransa a sauke a Kano, sannan a kai su Kaduna a haɗa. Bayan an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, Fijo ta zama motar manyan ma'aikata har da shugaban ƙasa. Daga nan ta cika ko'ina: salun ga babban sakatare da hedimasta, wagon mai kujeru jeri uku ga direbobin tashar Kano zuwa Jos ko Sakkwato, a-kori-kura ga 'yan kasuwar ƙauye. A Nijar ma haka, har samarin Turai kan tuƙo tsoffin Fijo su ratso hamada ta Tamanrasset su sayar a Arlit da Agadez su koma gida a jirgi. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa sai wajen 2006. Wato motar da Bature ke kira kayan tarihi, a wurinmu akwai wadda ba ta fi ɗan sakandaren jiya tsufa ba.

Amma wannan yawan nata shi ne matsalarta a yau. Fijo ba a ajiye ta a ɗaki ba, aiki ta yi har ta fita hayyacinta. Goma da za a nuna maka, tara sun yi haya, sun ɗauki buhunan masara a kan rufi, an yi musu walda a kan walda. Aibinta na biyu zafi ne: kan injin alminiyam ne, in lagireto ya toshe ta tafasa sau ɗaya mai kyau, kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ƙarfen jikinta kuma ba shi da kauri, robobin gaban mota rana ta farfasa su, ƙofofi sukan saki. Samun wadda mutum ɗaya ya riƙe tun tana sabuwa shi ne aikin, ba gyaran ba.

Marsandi kuma 'yar wadata ce. Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1970 kuɗi sun zauna mata, kuma a Daimler-Benz, kamfanin da ke ƙera Marsandi, injiniyoyi ke da bakin magana, sai sun gama abin da suke so akanta ya zo ya sa farashi. W123 ta fito a Janairun 1976, 'yan makonni kafin a harbe Murtala a cikin yayarta, baƙar 230.6 ɗin nan da ke gidan tarihi na Onikan a Legas. Friedrich Geiger da Bruno Sacco ne suka jagoranci zanenta, kuma da gangan ba su kawo wani baƙon abu ba: sun ɗauki abin da ya riga ya tabbata a tsohuwar, suka ɗebo wasu dabaru daga babbar S-Class ta 1972. Abin da ya dame su biyu ne, hatsari da ƙarko. Béla Barényi, injiniyansu da ya ƙirƙiro tsarin gaba da bayan mota su murƙushe su shanye duka, ɗakin fasinja ya tsaya ƙyam, tunaninsa na cikin motar nan. Tankin mai a saman aksul ɗin baya aka ɗora shi don kada mai dukanka ta baya ya fasa shi. Daga 1980 mai so yana iya biya a sa masa birkin da ba ya ƙullewa, daga 1982 har da jakar iska ta sitiyari. Ko Fijo ko Land Rover ba mai maganar wannan.

Tashin farashin mai na 1973 ya sa fiye da rabin motoci kusan miliyan 2.7 da aka ƙera zuwa 1986 masu shan gas ne. A Jamus sai mutum ya yi shekara yana jiran tasa, har wadda aka ɗan hau takan fi sabuwa tsada don ita a hannu take. Direbobin tasi suka rungume ta, kuma da magajiyarta W124 ta fito, wadda muke kira bi-but, sai da suka yi zanga-zanga wai ba ta kai tsohuwar inganci ba. A Maroko 240D ta shekara da shekaru tana jigilar mutum shida tsakanin garuruwa. A 1977 Andrew Cowan ya ci tseren Landan zuwa Sidni da 280E.

Rufe ƙofarta kawai ka ji. Wani dum take yi kamar ƙofar asusun banki, ba kwaram irin ta Fijo ba. Ledar kujerunta takan fi mai motar daɗewa. Birkin ajiyewa da ƙafar hagu ake taka shi, a saki da hannu. A kan kwalta mai kyau, daga Zariya zuwa Kano misali, ba ta da sa'a cikin ukun nan: shiru, nauyi, natsuwa. In aka sauka kan burji mai wasa-wasa kuwa Fijo ta fi ta taushi, kuma ta fi ta tsayin ciki.

Sai dai a Marsandi lambar da ke bayan but ita ce rabin ciniki. Masu D a ƙarshe, 200D da 240D da 300D mai silinda biyar, injinan gas ne da ba ruwansu da kwamfuta ko filogi, famfon Bosch ne na ƙarfe zalla, in ana canza musu baƙin mai sai jikin motar ya ruɓe su suna nan. Kuɗin da kake biya shi ne haƙuri: 240D ƙarfin doki 72 gare ta a jiki mai nauyi, kafin ka wuce tirela sai ka karanta abin da ya sawwaƙa. Mai lamba 200 ta fetur kafireto gare ta, kowane bakanike zai iya da ita. Wadda dillalai suka nemo wa Yaya kuwa 230E ce, kuma wannan E ɗin shi ne abin tsoro. Injekta ce ta Bosch da ake kira K-Jetronic, ƙarfin doki 136, mai daɗin tuƙi ƙwarai in tana lafiya. Amma tana aiki ne da matsin mai da aka auna daidai-wa-daida, ba ta son dattin fetur, ba ta son zama. Motar da ta shekara huɗu a ajiye ana jiran rabon gado, fetur ya bushe ya zama ƙaro a cikin mai rabon man. Yawancin garejinmu maganin da suka sani shi ne a cire komai a ɗora kafireto, daga nan ka tashi da motar da ba 200 ba ba 230E ba. Akwai kuma siraran bututun iska da ke kulle ƙofofi. A masu gas har kashe injin da su ake yi. Na taɓa ganin wani alhaji ya zare makulli ya sa a aljihu, motar na ta kaɗawa abinta a ƙofar masallaci, sai da yaro ya buɗe bonet ya danna wani ƙarfe a jikin famfo sannan ta yi shiru.

To, a nan na ce wa Yaya ya bar kallon motocin ya dubi garinmu. Wa zai gyara? Tsoffin bakanikan Fijo suna nan a kowace unguwa, wasu a Kakuri suka koyi aikin, da kunne suke gane ciwonta. Masu Marsandi ma akwai, amma a nemi dattijon da ya san W123, ba yaron da ya saba jona kwamfuta ba. Na Land Rover sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma notocinta da yawa awon inci ne na Ingila, sufanar da ke hannun yaran gareji ta milimita ce, sai su cinye kan noti su ce ya ƙi. Kayan gyara kuma abin ya juye. Na Fijo za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka yau-yau da kuɗi kaɗan, sai dai jabu ya yi yawa, sau da yawa tsohon na asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon kwali. Na Marsandi masu kyau suna samuwa, har kamfaninta na sayar da da yawa, amma da kuɗin Turai ake lissafi. Na Land Rover a Ingila kusan komai ana ƙera sabo har da shasi sukutum, a nan kuwa sai ka yi oda ka jira.

Mai ba abin rainawa ba ne tun da aka cire tallafi a 2023. Land Rover ta fetur ita ce mashayiyar, tana iya shan ɗaya da rabin abin da Fijo za ta sha a tafiya guda, kuma ta isa a makare. Fijo da Marsandi 200 kusan kunnen doki suke. 240D ta fi su tattali, sai dai ka duba farashin gas a garinku kafin ka yi murna. Tsatsa kuwa busasshiyar iskarmu ta yi mana rana: motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram ta fi wadda ta sha gishirin titunan Turai ko raɓar Legas lafiya nesa ba kusa ba. A Marsandi a duba wurin sa jak da ƙarƙashin batir da ƙasan kafet. A Fijo a duba ƙasan ƙofofi da inda ƙafafun gaba suka kama jiki. Kada kuma wani ya ruɗe ka da hoton Land Rover mai sheƙi daga Ingila: sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, ga dokar kwastan da ta hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru. Wadda ke cikin ƙasa da takardunta cikakku ita ce abin nema. Ta gado kuma kada a ba da ko sisi sai duk magada sun sa hannu.

Ra'ayina ban ɓoye masa ba. Mutumin da mota ɗaya zai ajiye, mai kuɗin fansho, mai son ya hau ta zuwa ƙauye da damina ya dawo ba a jawo shi ba, Fijo ce tasa, in dai an samu wadda ba ta yi tasha ba. Wanda tafiyarsa ta kwalta ce, yana ɗaukar iyali, yana tunanin ranar hatsari, kuma ba zai ji ciwo ba in an ce masa wani ɗan ƙarfe sai daga Jamus, ya nemi Marsandi, amma 200 ko 240D, ya bar mai E ga wanda ke da bakanikenta a hannu. Land Rover ban ba kowa shawarar ta zama motarsa ta fita kunya ba. In kana da gona a bayan rafi, da wata motar ta yau da kullum, da sha'awar kwanciya a ƙarƙashin mota ranar Asabar, babu abin da zai faranta maka rai kamarta. Yaya kuwa bayansa ma ciwo yake.

Ranar da muka je dubawa mun tafi da wani tsohon bakanike da na yi yaranta a hannunsa. Na ba Yaya ɗan mayen ƙarfe na ce ya riƙa manna shi a jikin mota, duk inda ya ƙi kamawa foti ne mai gyaran bodi ya cika aka shafe da fenti. A Marsandi ya kama ko'ina sai gefen ƙofar baya. Muka buɗe tankinta, warin tsohon fetur kamar na fenti ya buge mu, dattijon ya girgiza kai bai ce komai ba. A Fijo ya kama ko'ina, kujerar baya ma da ledarta, sai dai lagireton ya toshe kuma ɓera ya yi gida a cikin but. Da muka zo gindin darbejiya Yaya ya manna a ƙofa, abin ya faɗi. Ya manna a bonet, ya faɗi. Ya juyo ransa a ɓace ya ce, "Wannan ai gaba ɗayanta foti ce!" Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Alhaji, alminiyam ce, ko shekara ɗari za ta yi a nan jikin ba zai ci ba. Ciwon irin wannan a ƙasa yake." Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta da sukudireba, muna jin yana ƙwanƙwasa shasin daga gaba yana yin baya. Ƙarar na fita tas-tas har ya kai wajen tayar baya, sai muka ji ta canza. Ya turo hannu waje, tafinsa cike da jan garin tsatsa, ya ce a miƙo masa tocila.

Da yamma Yaya ya aika a kira dillalin Fijo, ya ce kuma in tambayi dattijon nawa ake wanke lagireto.